Jaridar da Aka Naɗe Kifi da Ita

Zan fara da neman uzuri. Abin da zan ba da labarinsa ya haura shekara talatin, kuma ban rubuta komai ba a lokacin, don a wancan zamani mai hankali ba ya ajiye irin wannan a takarda. Saboda haka akwai inda zan ce "ina jin", akwai inda zan ce "wataƙila", sai a yi haƙuri da ni. Ko shekarar ma ba zan rantse a kanta ba. Ko dai ƙarshen shekarun saba'in ne, ko farkon na tamanin. Abin da na tabbata shi ne azumi ya faɗo a tsakiyar zafi, kamar yadda ya sake zagayowa ya faɗo bana.

Na bana ne ya tayar mini da wancan. Na zo Umara, na sauka Madina, ina zaune ana jiran magariba. Aka shimfiɗa doguwar leda fara sol, aka jera dabino da nono da burodi a kanta. Sai na tsinci kaina ina leƙen ledar, ina neman rubutu a jikinta. Babu ko harafi ɗaya. Maƙwabcina a sahu ya ɗauka wani abu na yar, har ya fara taya ni dubawa.

A wancan azumi na gama karatun digiri a jami'a, ina jiran a ce an ɗauke ni karatu na gaba ko in tattara in koma gida. Iƙamata, wato takardar zama, tana lilo tsakanin ofis da ofis. Mutumin da ke cikin wannan hali ko tari yake so ya yi sai ya waiga. Da na bar ɗakin kwanan ɗalibai, sai ni da abokina Idi, mutumin Damagaram, muka kama ɗaki a gidan wata dattijuwa a wajen Uhudu. Hajja Habi ake ce mata. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ita kuwa a Madina aka haife ta, Hausarta irin ta mutanen da, ta kuma cakuɗe da Larabci. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya maza biyu. Babban, Bakur, yana jan babbar mota tsakanin Yanbu da Madina. Ƙaramin, Usman, gwamnati ta tura shi Ingila karatun injiniya, don ya dawo ya yi aiki a matatar mai.

Ban san yadda zan kwatanta wa ɗan yau zafin nan ba. Yau ana fita daga sanyin ɗaki a shiga sanyin mota. Mu kuwa na'urar da muke da ita irin mai ciyawa ce, wadda ake ɗura wa ruwa tana huro iska mai laima, ita ma sai in akwai wuta, kuma wutar ta fi son tafiya da azahar. Bayan asuba mukan ɗan runtsa a soro. Kafin hantsi bango ya ɗauki zafi, sai mu sauko, mu jiƙa zannuwan gado mu rufa, kafin ka gama juyi sun bushe ƙayau. Iskar samum in ta taso daga kan baƙaƙen duwatsu kamar an buɗe maka bakin tanda. Dutsen Uhudu da rana ja yake yi, har ido ba ya son kallonsa. Kwalta takan kama takalmi. Ruwa kuwa sai motar wayit, wato tankar ruwa, ta zo, mu fita da garewani mu bi layi, mu cika randunan Hajja, kana ɗauke da ruwa a kafaɗa harshenka kamar ɓawon itace.

Da la'asar gida ke farfaɗowa. Hajja ta ɗora shorba, romon buɗa bakin mutanen can, ta dama kunu, ta ce Madina ba ta raba ta da kunun tsamiya ba kuma ba za ta raba ta ba. Idi ya tafi neman ƙanƙara, ya dawo da ita a buhu tana zuba, rabi ta narke a hanya. Kwanuka su fara yawo tsakanin maƙwabta, namu ya fita da ƙosai ya dawo da ɗanyen dabino, don lokacin nunarsa ne. Ni kuwa aikina a wannan sa'a shi ne rediyo. Na yi kwalejin horon malamai a gida kafin in zo, ni kaɗai ke jin Turanci a gidan. Idi yana da wata tsohuwar rediyo, mun ɗaura mata waya ta hau har soro. Ina murɗawa ina kamo tashoshin waje, murya ta zo ta tafi kamar mai magana daga cikin rijiya. Kullum in na kashe sai Hajja ta leƙo daga madafa.

"Ustaz, esh labarin ƙasar Usman?"

"Lafiya lau, Hajja. Ruwan sama suke ta sha."

"Su sha. Allah ya ba mai kunu haƙuri."

Akwai abin da na sani game da Usman wanda ita ba ta sani ba. Hutun da ya zo kafin wannan, wata la'asar muna canza ciyawar na'urar sanyi, ya ba ni labarin garin da yake. Ya ce akwai wata ƙungiya ta masu cewa ƙasar ta farar fata ce zalla, kowa ya koma inda ya fito. Samarinsu suna aske kai ƙwal, suna sa manyan takalma, suna yin jerin gwano ta tsakiyar unguwannin baƙi, 'yan sanda na gefe suna musu rakiya. In duhu ya yi su tare wanda suka samu shi kaɗai.

"Manyan jaridu fa?" na ce.

"Sai an mutu, ya Ustaz. Ko an mutun ma layi biyu ne a ƙasan shafi."

Don haka wasu mutane suka haɗu suna buga wata 'yar jarida ta mako-mako a saman wani kantin littattafai. Suna rubuta wanda aka doka, da titin da aka doke shi, da abin da 'yan sanda suka ce ko suka ƙi cewa. Mai injin bugawar wani dattijo ne, Usman bai taɓa kiransa da komai ba sai "Shayib", wato tsoho, ni ma ban tambayi sunansa ba. Ya ce masu sayar da jarida sun daina karɓar tasu saboda an yi musu barazana. Wani ɗan siyasa ya tashi a majalisar gari ya ce jaridar ce ke hura wutar fitina, a rufe ta. An taɓa zuwa an kwashe bugu guda. Gilashin kantin kuwa sun gaji da canzawa, sun buga katako. Shi Usman yana naɗe jaridar, yana rarrabawa, wani lokaci ya ɗauki hoto.

"Ka zo da kwafi in gani?"

"In bi da shi ta filin jirgin Jidda? Ustaz, a ina kake so ka riƙa ziyartata?"

Na tuna masa cewa duk ɗalibin da aka tura waje ya sa hannu ba zai shiga siyasa ba, ta can ko ta nan. In aka ji, a yanke karatun, a dawo da shi, kuma ba a san inda tambayoyin za su tsaya ba. Na ce wataƙila ya fi kyau ya ɗan ja baya, ko da na ɗan lokaci ne. Ya yi dariya ya watsa mini ruwan na'urar.

"Kai ko inuwarka za ka taka sai ka nemi izininta."

Ina jin a goman farko ne na azumi. Ina murɗa rediyo kamar kullum, sai na ji sunan garin Usman. Aka ce an jefa wuta a wani kantin littattafai da ake buga wata ƙaramar jaridar baƙi a samansa. Mutum ɗaya ya mutu, wasu sun ƙone. Nan muryar ta nutse. Da ta dawo ana maganar farashin mai. Har yau ban tabbata ko cewa aka yi ya mutu ba, ko ana fargabar ya mutu. Na zauna riƙe da rediyon, gumi na bin bayana. Hajja ta leƙo.

"Esh labari?"

"Ba a ce komai ba sosai, Hajja."

Ta ɗan tsaya tana kallona, ludayi a hannu, sannan ta koma.

Da Bakur ya dawo daga Yanbu na ja shi bayan motarsa na gaya masa duka, har da abin da Usman ya ɓoye musu. Ya dafa ƙarfen motar, zafi ya sa ya janye hannu.

"Ya shekh, shi ne ko ba shi ba ne?"

"Ban sani ba. Ba a faɗi suna ba. Yana yiwuwa ma wata jaridar ce daban."

"Jarida nawa ce a saman kantin littattafai a gari guda?"



Ga inda wuyar take. Hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi ofishin da ke kula da ɗalibai a can. Amma tambayar ita kanta tona asiri ce. In ka ce, ɗanmu yana cikin waɗanda wutar jaridar nan ta shafa?, sai a ce maka, me ya kai shi wurin? In ya mutu, tambayar ba ta ƙara masa komai. In yana raye, ita za ta kashe masa karatu. Bakur ya je ofishin waya ya bi layi aka haɗa shi da gidan da Usman ke haya, na tsaya kusa da shi na karɓi kan wayar. Matar gidan ta ce bai kwana a gida ba tun ranar, ba ta kuma san inda yake ba. Na so in ƙara tambaya, sai na tuna ba mu kaɗai ke kan layin ba. Na yi mata godiya na ajiye.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda zan lissafa su ba. Na daina barcin safe. Ina zaga tsakar gida, in hau soro in gyara wayar rediyo da ba abin da ya same ta, in sauko. Tashoshin ba su sake komawa kan labarin ba, ya wuce kamar yadda Usman ya ce, layi biyu. In na tsaya sallah sai in rasa raka'a ta nawa nake. Idi ya ce in na ci gaba da wannan zirga-zirga zan haƙa wa Hajja rijiya a tsakar gida, ta huta da jiran wayit. Bakur ya ce kada a gaya wa tsohuwa komai sai an tabbata. Amma ta daina tambayata labarin ƙasar Usman, kuma wannan shirun ya fi tambayar nauyi. Kunun ma ya fara zuwa ba tsamiya, ta manta.

Akwai kantin da ake kawo mujallun Turanci kusa da Harami. Sukan iso a makare, kuma sai sun bi ta hannun masu tacewa. Hoton mace ko tallar giya a shafe da baƙin tawada, wani lokaci a yage shafin gaba ɗaya. Na riƙa zuwa da rana tsaka, ina bin inuwar bango, har mujallar makon ta iso. A jerin abubuwan da ke ciki na ga an ambaci hare-haren masu ƙyamar baƙi, da lambar shafi. Na buɗe. Shafin babu shi. Sai ɗan siririn gefensa da ya rage a jikin ɗinki, da farkon haruffan kowane layi. Na tsaya ina ƙoƙarin gina kalmomi daga harafi ɗaya ɗaya, har mai kantin ya ce in saya ko in ajiye. Ban san ko don labarin aka yage shi ba, ko don abin da ke bayan shafin. Na fi zaton na biyun, amma zato ne. Wanda ya yage wataƙila bai ma san abin da ya tafi da shi ba.

Mafitar ta zo ta hanyar sambusa. A Madina, kamar a gida, ba a naɗe abinci da takardar da ke da rubutun Larabci, ba a shimfiɗa ta a ci a kai, don ba a rasa sunan Allah a ciki, ko a sunan mutum ne. Saboda haka masu tuya da masu kifi jaridar boko suke nema, ita ce ba ruwan kowa da ita. Wata rana Idi ya dawo da sambusa a ƙunshe, ya buɗe a kan tabarma ana saura kaɗan a sha ruwa, sai ga hoton wata Baturiya da kwalba a hannu, ba ko ɗigon tawada a jikinta.

"A'uzu billahi!" in ji Idi, ya kife hannu a kai. "Ustaz, rufe ido, azuminka sabon digiri ne, bai yi ƙwari ba."

Ni kuwa ba ita nake kallo ba. Na janye takardar na duba samanta. Jaridar Ingila ce ta kullum, ba ta fi 'yan makonni ba, kuma a fili take ba ta bi ta hannun mai tawada ba. Na ce wa Bakur daga ina wannan ta fito. Ya juya ta ya ce ai wannan ta sansanin Turawan da ke gina matata ce a Yanbu. Ana kawo musu tasu kai tsaye, su karanta su zubar, masu shara su tara su sayar wa 'yan kasuwa a ɗaure.

Muka kalli juna. Hajja tana tsaye a bakin madafa. Ta ajiye kwanon da ke hannunta.

"To ku gaya mini yanzu," ta ce. "Na gaji da dafa wa kurame abinci."

Bakur ne ya gaya mata, cikin Larabci, kansa a ƙasa. Ni na riƙa sa baki ina cewa ba a tabbatar ba, wataƙila ma ba ya wurin a ranar. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ɗayyib. Ka kawo takardun."

Zuwansa na gaba ya sauke ɗauri biyu a tsakar gida. Muka baje su a ɗakin da ya fi duhu, muka zauna a ƙasa mu huɗu, da azahar, wuta ta tafi. Tawada tana narkewa a yatsunmu, gumi na ɗiga a kan shafuka. Idi da Bakur suna ware su bisa kwanan wata, don lambobi kowa na gane su. Hajja ba ta karatun boko, sai ta ɗauki aikin hotuna: duk inda ta ga hayaƙi, ko gini a rushe, ko taron mutane, ta miƙo mini. Na karanta gobarar masana'anta, na karanta haɗarin jirgin ƙasa, na karanta yajin aiki. Makon da muke nema ba ya ciki. Masu kifi sun riga mu.

Sai na ɗauki gefen kwali na rubuta sunan garin da manyan haruffa, na ba Bakur. Na ce ya je kasuwar kifi ta Yanbu, duk takardar da ya ga wannan siffa a jikinta ya kawo. Ya ce masu kifin sun ɗauka zafi ya taɓa shi. Mutum ya ajiye babbar mota ya tsuguna yana tonon takardun naɗi, yana gwada su da kwali. Wani ya ce sai ya sayi kifi kafin ya taɓa, ya saya. Wasu takardun an riga an yayyanka su gida biyu don naɗi, wasu har sun sha ruwan kifi.

Ya iso ana gab da magariba, ina jin a goman ƙarshe. Warin ya riga shi shigowa. Ya zube mini su a gaba, na fara ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Na farko ƙwallon ƙafa. Na biyu ƙwallon ƙafa. Ashe garin yana da ƙungiyar ƙwallo, kuma kusan duk abin da Bakur ya sha rana ya tattaro sakamakon wasanninta ne.

"An ci su ko sun ci?" in ji Idi a hankali. Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai so a yi ba.

Can ƙasa na ɗago wani rabin shafi, ya yi shara-shara da mai. Na ga baƙin gini da tagogi a buɗe kamar bakin murhu. Na ga sunan garin a ƙarƙashi. Ban san abin da fuskata ta yi ba, amma Hajja ta miƙo hannu ta karɓe takardar, ta kife ta a kan tabarma, ta ɗora moɗa a kai.

"Ba a ba mai azumi labari," ta ce. "Kowane iri ne. Sai an sha ruwa."

"Ummi," in ji Bakur.

"Na ce sai an sha ruwa."

Ban taɓa ganin rana ta yi nawar faɗuwa irin ta ranar ba. Muna zaune kewaye da takarda a kife. Ƙanƙara na narkewa a cikin kwano, ƙuda na bin warin kifi. Ta bayan shafin, inda mai ya ratsa, ina iya hango inuwar hoton a juye, ina ta hana idona komawa. Hajja ta raba dabino, ta zuba kunu. Sai igwa ta tashi, kiran sallah ya biyo. Na sa dabino a baki ban ji ɗanɗanonsa ba. Ta jira sai da kowa ya kurɓi ruwa, sannan ta ɗauke moɗar.

Hoton na bayan gobarar ne. Mutane sun jeru a gaban ginin, kowa ya ɗaga takarda guda, rubutun ƙasa ya ce bugun da suka fitar ne a wani injin aro bayan an ƙone nasu. A can gefe akwai wani baƙin saurayi, shi bai ɗaga komai ba, don hannayensa biyu a naɗe suke da farin bandeji har gwiwar hannu. Mai ya ɓata rabin fuskarsa.

Hajja ta ɗora yatsa a kansa.

"Ga shi."

"Yana kama da shi, Hajja," na ce. "Sai dai hoton bai fita sosai ba, wataƙila..."

"Ustaz, kai da wataƙila har kabari. Dubi tsayuwar. Kafaɗa ɗaya a sama, kamar mai jiran a yi masa rashin kunya. Tsayuwar ubansa ce. Ni na haife shi."

Bakur ya karɓa ya kai kusa da fitila, ya daɗe, sannan ya rufe fuska da gefen mayafin kansa. Idi ya tashi ya fita waje, muna jin sa yana hamdala da ƙarfi.

"Sun rubuta sunansa?" Hajja ta tambaya.

Na bi layukan sau biyu. Ba sunan ko ɗaya daga waɗanda suka ƙone. Na gaya mata.

"Alhamdu lillahi. To wa ya mutu?"

Labarin ya ce mai injin ne, dattijo, ya fito sannan ya koma ciki, wasu samari suka bi shi suka kasa fito da shi. Dalilin komawarsa da sunansa suna ɗaya rabin shafin, wanda wuƙar mai kifi ta raba. Wani a Yanbu ya tafi da shi gida da kifinsa.

Bakur ya ce a ƙone takardar, in wani ya gani ya gane fuskar, abin da muka guje wa ya same mu. Na goyi bayansa, har na ji kunyar saurin da na yi. Hajja ta ce ta ji. Muka yi magariba muka dawo, tana nan zaune da ita a cinya, tana shafa ta da tafin hannu kamar mai gyara zanin jariri. Da ta ƙoshi da kallo, ta tashi da kanta ta tura ta cikin garwashin shayi. Man kifin ya sa ta kama nan take.

Daga ranar har sallah, kullum takan ƙara kwano ɗaya a cikin waɗanda ke fita, ta ce a kai wa duk wanda aka samu a bakin masallaci. Bakur ya tambaye ta na wane ne.

"Na mutumin da aka yanke sunansa."

"Ummi, ba mu san ko Musulmi ba ne."

"Wanda nake bayarwa dominsa ya san sunansa, ya san addininsa. Kai dai ɗauki kwano."

Usman ya kira bayan sallah, ya ce ya ɗan ƙone a ɗakin gwaji na makaranta. Bakur ya ce Allah ya kiyaye gaba, ba wanda ya ƙara kalma. Ya gama karatunsa, ya dawo, ya yi aiki a Yanbu har ya yi ritaya. Yatsu biyu na hannun hagunsa ba su sake miƙewa ba, kuma duk wanda ya tambaya ɗakin gwaji ake ce masa. Ni an ɗauke ni karatun, na ƙara shekaru a Madina. Sau ɗaya na same shi shi kaɗai, na ce, "Usman, Shayib ɗin nan, yaya sunansa?" Ya kalli ƙofa, ya kalli taga, irin kallon da ya taɓa yi mini dariya a kansa.

"Ba a nan ba, Ustaz."

Ba mu taɓa haɗuwa a wani wurin da ba nan ba. Na koma gida, shekaru suka shiga tsakani. Zuwan nan na bana na nemi gidan a wajen Uhudu, na tarar da dogon bene a wurin. Aka ce mini Hajja ta daɗe da rasuwa, Usman ma ya bi ta. Wani cikin jikokin gidan da na samu yana jin Hausata sarai, amma da Larabci yake amsa mini, kuma a saninsa ɗakin gwaji ne. Ban gyara masa ba. Sunayen da na sa a nan ma ba nasu na gaskiya ba ne, sunan garin kuma na bar shi a cikina, ko da yake ban san wa nake tsoro yanzu ba. Na gwada nema a waya, yaran gida sun taya ni, ba mu ga komai ba. Jaridar ƙarama ce, kuma an daɗe.

Idi, in kana raye a Damagaram kuma wannan ya iske ka, ka gyara mini inda na karkace, musamman kan goman da abin ya faru, da ko ɗauri biyu ne ko uku. Haka duk wanda ya zauna wajen Uhudu a shekarun nan, ko ya yi karatu a Ingila tare da wani ɗan Madina mai ƙonannen hannu. Ya aiko ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu, zan karɓi gyara da godiya, ko da ya rushe rabin abin da na faɗa. Abu ɗaya na fi roƙo. In akwai wanda ya san sunan dattijon nan mai injin bugawa, ya taimaka ya faɗa mini. An fitar masa da kwano a Madina har ƙarshen azumi, kuma ba wanda ya san sunan da zai kira.